Kawu Bello da Lambar Ƙoda

Duk wanda ya san Kawu Bello, ƙanen Innarmu, ya san ba ya fita sai da jan biro maƙale a kunne. Har masallacin Juma'a! Shekara da shekaru yana ɗakin kati a wani asibiti nan Boɗinga, aikinsa mayar da cutar da likita ya rubuta ta koma lamba kafin a ajiye fayil.

Ciwon ƙoda mai daɗewa shi ne abin faɗansa. Lambarsa N18, sai a ɗiga, a sa matakin da ciwon ya kai, daga ɗaya zuwa biyar. Wani sabon likita ya taɓa rubuta "ciwon ƙoda" kawai, ya tafi bikin suna a garin Shagari. Kawu ya hau tsohon babur ɗinsa ya bi shi, ya iske shi ya kai loma baki.

"Likita, mataki na nawa?"

"Haba Malam Bello, bari sai Litinin mana!"

"Ƙodar mutane ta san Litinin?"

Likita ya rubuta da maiƙo a yatsa. Kawu kuwa ya gyara zama ya jawo kwano, wai tunda dai ya zo.

Sirrin marasa lafiya kuma, ko da wuƙa ba ka ciro shi. Wani mutumin Lambara ya taɓa tsare shi a kasuwa: "Wai mi ka damun maƙwabcina?"

Kawu ya ce, "Tashi cuta tana cikin durowa. Taka ce na bincike littafi kaf ban ga lambarta ba: sa-ido!"

To, sai ƙafafun Inna suka fara kumbura. Kawu ya je Dandin Mahe, inda take zaune, ya tasa ta gaba har wurin gwaji. Ciwon ƙoda, mataki na uku. Inna ta fashe da kuka, ta fara rabon zannuwanta.

"Yaya, mai da kayanki," in ji shi. "Uku ta, ba biyar ba. Ana zama da uku in ana jin maganar likita."

Ranar ya kwashe mata kanwa da dunƙule da ƙwayoyin ciwon jiki na 'yan talla. Duk Asabar sai ya zo ɗanɗana miya, ya ji ko gishiri ya yi yawa. Inna ta ƙirƙiro dabara: tukunya biyu, lami a murhu, mai gishiri a ƙarƙashin gado. Kawu ya shigo, ya shaƙi iska, ya durƙusa ya jawo ta.

"Yaya, wagga tukunya ai ta kai mataki na biyar!"

"Ɓarawon gishiri! Fice mini daga ɗaki!"

Bai fita ba sai da tukunyar.

Bara ya riga ta tafiya, bayan zazzaɓin kwana biyu. Inna na nan, tana zuwa asibiti da ƙafarta, har yau ukun ce. Ba mai leƙa mata tukunya yanzu, amma ta ce kunyar Bello ba za ta bar ta ta ƙara gishiri ba.

Allah Ya ji ƙanka, Kawu, Ya haskaka makwancinka. Amin.