Ƙwallo a But ɗin Mota

Shekara tara ina bin ƙungiyar ƙwallon garinmu, kuma na san wanda ya kashe ta. Tsohon soja ne da ya yi ritaya ya dawo Rikoto. Yana sayen ƙungiyar ya sallami koci, wai shi ma ya iya horo. Kullum safe 'yan wasa suna fareti a fili, hagu dama, ƙwallo kuwa tana kulle a but ɗin motarsa.

Ranar da 'yan Danko suka zura mana huɗu har gida, na tare shi a bakin ƙofa. Na ce, "Baba, ka haife ni, amma yau sai na faɗa. Ƙwallo muka zo kallo, nan ba bariki ba ne."

Ya ce, "Ɗana, ba ka ga yadda suka shigo a layi ba?"

Na ce, "Na gani. Da tafiya ake ba maki, da tuni mun ɗauki kofi."

Washegari na jiyo shi yana ba da oda. Ƙwallon ba ta fito ba, ni ma ban sake komawa ba.