Ranar da Anowara Ta Tare Garma

Shekara goma sha tara Anowara ta yi a gidanmu, muryarta ba ta taɓa nufo ni kai tsaye ba. Matar Sobhan ce, ƙanena, ni kuwa wan miji. In ta hango ni sai ta ja bakin zanenta har hanci ta kauce. In magana ta zama dole, matata Fuljan take gaya wa, ko da ina zaune a wurin, Fuljan ta juyo ta maimaita mini kamar kurma. Haka muka gada, ban kuma taɓa ganin aibinsa ba.

Shekarar da kogin Dharla ya kwana tara a kan gonakinmu, mun yi abin da kakanninmu suke yi. Ruwa na janyewa muka sa garma muka birkice ruɓaɓɓiyar shinkafar, muka sayo irin dashe daga tudu muka sake dasawa. Dashen ya makara, sanyi ya riske shi yana fure, muka girbe ƙaiƙayi. Kafin watan Kartik, watan yunwarmu, ya raba, sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidan. Sobhan ya tafi birnin Dhaka tuƙa keken haya, mota ta buge shi, gawarsa aka dawo mana da ita. Ya bar Anowara da 'ya'ya mata biyu da wata 'yar gona can ƙasan kwari, inda ruwa yake fara sauka kuma ya fi daɗewa.

Bayan shekara uku ma'aikatan gona suka zo neman mutum ɗaya da za su kai birnin Rangpur a horar da shi kwana goma, ya dawo ya zama malamin gonar ƙauye. Mazan duk muka noƙe. Wa zai bar aikinsa ya je wani mai takalmi sau-ciki ya koya masa noma? Sai ga hannu ya ɗago daga bayan mata. Da na gane hannun wa ne, wallahi sai da kaina ya sara. Na yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Anowara dai ta ce wa Fuljan ta gaya mini ta ji, kuma ranar Asabar motar za ta tashi.

Ta dawo da buhun iri, da littafin da take karantawa da ƙyar, don aji uku ta yi, da wata gora mai tsawo. Abin da ta koyo a bakin Fuljan na ji shi, tunda ni ba zan zauna mace ta karantar da ni ba. Wai an jera musu tukwane biyu da aka shuka shinkafa a ciki, an nutsar a kududdufi. Irinmu na gado, da ya ji ruwa ya rufe shi, sai ya yi ta miƙa wuya yana neman iska har ƙarfinsa ya ƙare ya ruɓe. Sabon kuwa lafewa yake yi, ya riƙe numfashi, har kusan mako biyu. Wai kuma malaminsu ya ce kada su yi wa kowa wa'azi, kowa ya fara shukawa a mafi munin gonarsa, mutane su gani.

A rumfar mai shayi suka sa mata suna Ofisa. Duk safiya sai wani ya ce mini, "Afsar, Ofisar gidanku ta ba ka izinin fitowa yau?" In haɗiye shayin da takaici. Ban yarda da irin nata ba ko kaɗan. Mitar Fuljan ce ta ishe ni, mace mai mita ta fi ɗigon rufi a damina, na ce to, a dasa a gonata yadda Anowara ta dasa a tata, in ya ɓaci ta san inda za ta sa kanta. Gonata ɗaya ce tal, ita ce abincinmu na shekara.

Ƙarshen watan Srabon, tsakiyar damina, ambaliya ta sake zuwa. Kowace safiya Anowara takan ɗaure kututturen ayaba kamar kwale-kwale ta hau, ta tura har kan gonakin, ta auna zurfi da gorarta, ta yi mata tsaga ɗaya. Tsaga goma sha biyu ta yi kafin ƙasa ta bayyana. Da na je, sai na zauna a bakin gonar. Shinkafar tana kwance shame-shame, laka ta lulluɓe ta, ga wari. Duk wanda ya taɓa riƙe lauje zai rantse maka ta mutu.

Mai sayar da irin dashe yana bakin gaɓa da jirgin ruwansa, yana cewa jibi ko ƙwaya ba za a samu ba. Maƙwabta duk sun ɗaura shanu. Fuljan ta kawo saƙon Anowara: wai in jira kwana bakwai. Kwana bakwai! In na jira ta tabbata matacciya, babu iri, babu lokaci, ni ne zan hau keken nan a Dhaka da furfurata. Na ce ta je ta gaya mata takarda ba ta tsirar da shinkafa.

Da safe na ɗaura garma. Na yi layi ɗaya, na yi biyu, na yi uku. Ina juyo da shanu sai suka toge. Anowara ce a gabansu, laka har gwiwa, zanen ya zame daga kanta ba ta ko gyara ba. Ranar na fara ganin akwai furfura a kanta. Masu huɗa a gonakin gefe suka tsaya cak suna kallo.

Ta sunkuya ta tuge gindi ɗaya, ta ɗauraye shi, ta tsaga tushen da farce. Ba za ta miƙa mini hannu da hannu ba, sai ta ɗora shi a kan karkiya. Cikinsa fari tas, da ƙwari.

"Yaya," in ji ta, "da ranta. Matacciya baƙa ce, luguɓ take. Dashen makara ne ya kai ƙaninka birni. Ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama, amma ba zan tsaya ina kallo a sake ba."

Gaskiya ita ce ba shinkafar ce ta fara damuna ba, idon mutane ne. Zuciyata ta ce in kaɗa shanun kawai. Amma manomi ba ya musu da abin da farce ya tsaga. Na tuge wani da kaina, fari. Na tuge wani can nesa, fari. Na kwance shanu na kora su gida, wani yana kira ta bayana wai Ofisa ta ba da hutu.

Kwana biyu ita da 'ya'yanta suna watsa wa ganyen ruwa da kwano suna wanke masa laka, don ya samu rana. Da gonata suka fara kafin tata. Jirgin mai iri ya tafi ina kallonsa. Ban taɓa jin tsoro irin na makon nan ba. Rana ta biyar babu komai. Ta shida Fuljan ta shigo da gudu ba ko mayafi, ta ja ni zuwa gona. Tsinin kore ne ko'ina kamar allurai. Sai rana ta goma Anowara ta aiko cewa yanzu a zuba taki, ba kafin nan ba.

A watan Agrahayan, lokacin girbi, waɗanda suka sake dashe sun samu wani abu, rabi ƙwaya rabi ƙaiƙayi. Tawa ta cika har tana sunkuyawa, ban da layuka uku da ciyawa ta cinye. Yanzu ƙauye huɗu take zagayawa da gorarta, har Rangpur suna kiranta ta nutsar da tukunya a gaban sababbin ɗalibai. Masu yi mata dariya kuwa su ne suke tsayawa a ƙofarta suna gyaran murya da ganyen shinkafa a hannu, suna neman shawara. Ni dai na faɗa a rumfar shayi, ina sake faɗa: ban ga namijin da ya kai ta ba a wannan gaɓar.

Tun ranar garma ba ta sake yi mini magana kai tsaye ba, ta mayar da zanenta inda yake. Ranar bikin sabuwar shinkafa na ɗauki damin farko a kaina har ƙofarta. Na ce wa Fuljan ta gaya mata na gode. Fuljan ta ce in faɗa da bakina, kunnenta ƙalau. Na faɗa, ina kallon ƙasa.

Anowara tana bayan asabari. Can sai ta ce, "Yaya Fuljan, ki ce masa na ji. Ki ce masa da irin nan ya zo da shekara huɗu baya, da yau shi da ƙanensa ne za su ɗauko damin."

Na sauke damin a hankali na koma gona, don ban so su ga fuskata ba.