Injin Lou Baogen da Kuzar Matattu

Lou Baogen ya rasu ran tara ga watan sha ɗaya, yana da shekara saba'in da shida, a ɗakin da aka haife shi, a layinmu na bakin ruwa a Shaoxing, ƙasar Sin. Tun muna 'yan firamare muke tare, amma har ya koma bai taɓa ba ni makullin gidansa na riƙe ba. Ban taɓa jin haushi ba. Halinsa ke nan, kuma da halin nake ƙaunarsa.

Mutum ne da bai yarda da abin da bai auna da hannunsa ba. Shekara talatin da takwas ya yi a masana'antar injinan saƙa, a tsaye gaban injin sassaƙa ƙarfe, kuma da ya bar aiki sai ma'auninsa ya biyo shi gida, kullum yana aljihun rigarsa. In ka ce masa ruwa ya ƙaru, sai ya je ya duba alamar da ya yi a jikin gada. Likita ya ce jininsa ya hau, ya tafi wani asibitin a sake gwadawa. Kwadon ƙofarsa ma shi ya ƙera, don a cewarsa duk kwadon kasuwa akwai makullinsa a aljihun wani. Matarsa Yuefen ce kaɗai take masa dariya ya ƙyale. Da ta rasu, sai gidan ya yi tsit, shi kuma ya koma zaman kujerar gora a ƙofar gida, yana musu da duk wanda ya gifta. Musun nan shi ne abincinsa. Bai sani ba a lokacin.

Shekara biyu bayan rasuwarta ya tsinci wata tsohuwar mujalla a wurin mai sayen takardu. A ciki akwai hoton injin farko da ya taɓa kama muryar mutum, wanda wani Ba'amurke ya ƙera sama da shekara ɗari da talatin da suka wuce: 'yar ganga ta tagulla, da hannun juyawa, da allura, da mazurari. An ce in ka naɗe gangar da fallen kuza, ka yi magana a mazurarin kana juya hannun, allurar za ta rubuta muryarka a jikin kuzar, in ka mai da ita farko ta maimaita.

“Ƙarya ne,” in ji Lou. “Ba wuta, ba batir? Ƙarya ne.”

Don ya kama su da ƙarya ya fara ƙera shi.

Wata tara ya yi ƙofarsa a rufe. Ya roƙi wani tsohon abokin aikinsa ya bar shi ya yi amfani da injinsa, ya sassaƙa gangar, ya yi mata tsaga mai zagayawa daga wannan baki zuwa wancan, siririya kamar zare. Mazurarin kwali ya yi da kansa. A gindinsa ya ɗaura wani faifan ƙarfe mai laushi da yake rawa in murya ta buge shi, ya liƙa allurar a tsakiyarsa. Da ya gama, ya naɗe gangar da takardar sanholo irin wadda ake naɗe abinci, ya sa baki a mazurari ya ƙwala ihu. Takardar ta yage. Ya sake, ta sake yagewa. Ran da ba ta yage ba, abin da ya dawo masa bai wuce ƙarar soya tofu, wato awara, ba.

Da wani ne, da ya tsaya nan ya ce ya gama kama su. Shi kuwa sai ya fara zargin takardar. Mujalla kuza ta ce, ba sanholo ba.

Nan ya zo wurina, don ni sana'ata ke nan tun ina ɗan shekara goma sha huɗu: bugun kuza a kan dutse har ta zama fallen da ake liƙa wa takarda, mata su naɗe ta kamar 'yan curin azurfa, a ƙona wa mamata.

“Shou,” ya ce, “kuzar nan taka, kuza ce ko ka gauraya ta da dalma?”

“Shekara sittin ba wanda ya dawo ya yi ƙorafi,” na ce.

“Su ba sa iya ƙorafi. Ni ina iyawa.”

Ya ce in buga masa, amma in tsaya tun ba ta sirance ba. Ya tsaya a kaina da ma'auni, ina bugu yana aunawa, har ya ce ya isa. Ya ɗauki fallayensa a buɗe, ya bi ta tsakiyar layi da rana tsaka, ba lokacin ziyarar kabari ba, ba ranar tunawa da kowa ba.

Kuskurensa ke nan. Layi ya gani.

Mutum mai zaman kaɗaici, matarsa ta mutu, ya rufe ƙofa wata tara, ana jiyo shi yana ihu shi kaɗai, “Kina ji? Kina ji?”, yanzu kuma ga shi da kuzar matattu. Inna Meng, gwauruwar da ke daura da gidansa, wadda naɗin kuza ne aikinta, ita ta fara haɗa zancen. Ta ce tarko ya ƙera na kama muryar masu rai yana aika wa can, kuma wanda muryarsa ta riga shi tafiya, ba zai daɗe bai bi ta ba. Malam Ruan, tsohon malamin makaranta, ya ce wannan camfin jahilai ne, gaskiyar magana ita ce Lou ya ɓoye wayar hannu a cikin katakon gindin injin yana so ya raina wa mutane hankali. Ba su yarda da juna ba, amma dukansu sun yarda cewa a yi hankali da Lou.

Injin kuwa ya yi magana. Ran da ya fara jin muryarsa ta fito daga mazurarin, 'yar siririya kamar ta tsoho a cikin rijiya, sai da ya leƙa ƙarƙashin tebur. Ya fito da murna ya zauna a kujerar gora don ya ba da labari. Mai sayar da tofu ya zo wucewa, ya haɗiye kiransa tun daga gada, bai sake buɗe baki ba sai da ya wuce gida uku. Masu wanki a matakalar ruwa suka yi shiru. Inna Meng ta fito shanya busasshen ganye, ta gan shi, ta rufe bakinta da hannun riga.

“Ke, Meng, haƙori ke miki ciwo?”

Ta girgiza kai, ta shige.

Sati uku ana haka. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya yi masa musu. Gaisuwa ma da kai ake yi masa. Ya rame. Wata rana na kai masa naman alade da busasshen ganye, na same shi zaune ya zuba wa layin ido.

“Ko zagina su yi mana, Shou,” ya ce. Ban taɓa jin muryarsa haka ba.

Shi ya sa ya yanke shawarar nuna injin a ɗakin shan shayi na tsofaffi da ke gindin gada, saura kwana goma Qingming, ranar share kaburbura. Ya ce a zo a duba, a kuma samu mutum ɗaya ya yi magana a ciki ya tashi lafiya, zance ya ƙare. Da hantsi ɗakin ya cika, amma kowa ya lafe a jikin bango, kuma ba ka jin komai sai ƙarar murfin kofuna.

Malam Ruan ne kaɗai ya yi magana, shi ma daga bakin ƙofa.

“Shifu Lou, gwanin ƙira, a fara nuna mana inda wayar take.”

Lou ya ja injin gabansa. Ya ɗauko sukudireba ya warware injin gaba ɗaya, ya jera sassan a kan tebur, ya miƙa wa Ruan katakon. Ruan ya ƙwanƙwasa, ya girgiza, ya sansana. Lou ya mayar da komai, ya naɗa kuza, ya juya hannu, ya yi ihu a mazurari: “Ruan ya koyar da lissafi shekara talatin, har yau bai san faɗin gadar nan ba!” Ya ɗaga allura, ya mai da ganga farko, ya sake juyawa. Maganar ta dawo, a shaƙe, amma kowa ya ji sunan Ruan. Wata tsohuwa ta saki kofinta.

“Da maƙogwaro yake yi,” in ji Ruan, kunnuwansa sun yi ja. “Na taɓa ganin irinsu a wasan kasuwa. A ba shi shayi ya ƙunsa a baki.”

Haka aka yi. Lou Baogen, mai shekara saba'in da ɗoriya, ya cika kumatunsa da shayi, ya tsaya yana juya hannu yana harare-harare, injin kuma ya sake faɗin abin da ya faɗa game da Ruan. Wasu suka danne dariya da tafin hannu. Ya haɗiye, ya goge baki.

“To, wa zai zo?”

Ba wanda ya motsa. Ni na yunƙura, ya ɗaga mini hannu. Ya ce nawa ba zai yi ba, za a ce haɗin baki ne. Ya dubi Ruan, Ruan ya ce maƙogwaronsa na masa ciwo tun jiya. Lou ya tsaya riƙe da hannun injin, yana bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya, mutanen da ya yi shekara saba'in yana faɗa da su. Sannan ya fara kwance kuzar daga jikin gangar, a hankali, kamar mai naɗe tabarma bayan an watse.

Inna Meng ce ta sauke hannun rigarta.

“Wannan da ka cire, in ka mayar zai sake magana?”

“A'a. In an cire shi ke nan. Ba ya komawa daidai kan tsagar.”

“Maganar kuma tana ina?”

“Tana jiki. Ga ta nan, ki duba ɗigo-ɗigon.”

“Tana jiki, amma ba mai rai da zai sake jin ta.”

“Haka ne.”

Ta dubi fallen. Sai ta ture mutane ta iso gaban tebur. “Naɗa sabo.”

“Ke da kika ce...”

“Na ce naɗa sabo, tsohon banza, kafin in fasa.”

Ya naɗa. Ya ce ta ɗaga murya. Ba sai an gaya wa Inna Meng haka ba. Ta sa baki a mazurari ta kira sunan mijinta da ya shekara goma sha ɗaya a kabari. “Rufin da ka ce ka gyara har yanzu yana yoyo! Maƙaryaci! Jikarka ta haifi mace. Ka riƙa sa rigar sanyi!” Kuzar ta ƙare a nan. Lou zai mai da allura farko, ta riƙe masa hannu. Ta ce ba na mutanen ɗakin nan ba ne, ya cire ya ba ta.

Ya gane abin da za ta yi. Sati uku yana rantsuwa cewa injinsa ba ruwansa da matattu, aikin tagulla ne da allura, ga shi yanzu a gaban kowa ana so ya miƙa wuya. Na ga muƙamuƙinsa na motsi. Na san yana da amsa, kuma na san in ya faɗe ta zai yi nasara, ya koma kujerarsa a layin da ba mai magana.

Ya cire kuzar ya miƙa mata da hannu biyu.

Ta shimfiɗa ta a kan rawayar takarda, yatsunta suka yi abin da suka saba, nan take ta zama curi. Ta sa a aljihu. “Ta yi kauri,” ta ce. “Shou, kai ma ka tsufa.”

Sai ɗakin ya ɓarke da surutu. Kowa da tambayarsa, kowa da musunsa. Mai tofu ya ce shi ne na biyu. Ruan ya ce har yanzu bai gamsu ba, amma yana da wata 'yar magana da yake so ya gaya wa mahaifiyarsa.

Shekara huɗu ya yi yana juya musu hannun nan duk gabanin Qingming. Kowa ya zo sai ya fara shan lacca cewa allura ce da kuza, ba abin da ke zuwa ko'ina, sannan ya ce masa ya ɗaga murya. Yana juyawa yana kallon bango, wai don kada a ce yana saurare. In an tambaye shi ko ya yi wa Yuefen nata, sai ya ce mai tambayar ɗan leƙen asiri ne. Amma kowace shekara fallayen da nake buga masa sun fi yawan mutanen da suka zo da ɗaya.

Ran jana'izarsa layin bai yi shiru ba. Faɗa aka yi ta yi kan wanda ya fi shan musunsa.

Bayan kwana bakwai ɗiyarsa, da ta zo jana'izar, ta ba ni makullin, ta ce injin nawa ne. Na same shi a kan tebur, an naɗa masa kuza, allura tana farko. Na matsa kusa da shi. Sannan na juya hannun.

“Shou, na san kai ne. Juya a hankali, ba guduma ba ce.”

Sau biyu na ji. Na biyun ya fi na farko dushewa, don allurar tana cin rubutun duk juyi. Da shi ne, da ya auna ya gaya mini saura nawa. Ni ban sani ba. Na lulluɓe shi da tsohuwar rigarsa, na rufe ƙofar da kwadonsa, na ja sau biyu na tabbatar ya kama.