Wasan da Haladu Ya Kai Gidan Shen

Haladu Bazazzagi ne, kuma duk wanda ya san Zage-zagi ya san bakinsu ba ya hutawa. A layin reluwe na Zariya ya tashi, inda mahaifinsa ya tsufa yana gyaran dogo. Can idan ka ga Bakano sai ka ce masa "bawana", shi ma ya rama, a yi dariya a wuce. Da wannan bakin ya zo Doha aikin tuƙi.

A unguwar Al Gharrafa ya samu aiki, wajen wata injiniya 'yar China, Madam Shen. Ita ce kafil ɗinsa, zamansa a ƙasar a hannunta yake. Aikinsa kai mahaifinta asibiti da shan iska. Tsohon ya haura tamanin, ga son raha, nan da nan suka saba. A garin da ba wanda ya damu ya yi dariya da kai, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wata rana jirgin ƙasa ya wuce ta saman gada, sai tsohon ya ce, "Mahaifina ma aikin dogo ya yi."

Murna ta kama Haladu. "Kai, Baba, ashe gida ɗaya muke! To nawa uban shugaban leburori ne. Ka ga ke nan kai da babanka bayina ne!"

Tsohon ya juya fuska ga taga. Har suka isa gida bai juyo ba.

Da la'asar Madam ta kira Haladu falo. Ba ta ce ya zauna ba.

"Ka san wane dogo kakana ya yi?" in ji ta. "Na kamfanin Japanawa ne, lokacin da suka mamaye yankinmu na Manchuria. Ba jirgi kaɗai kamfanin ya mallaka ba, har ramukan kwal da garuruwa. Da igiya aka fitar da kakana daga ƙauye, babana yana goye. Ko kabarinsa ba mu sani ba."

Innalillahi! Gumi ya karyo wa Haladu. Ya durƙusa ya shiga bayani, cewa a wajensu wanda kake ƙauna, wanda faɗa ba zai taɓa shiga tsakaninku ba, shi kake faɗa wa haka. Yana magana yana jin maganar ba ta shiga. Wallahi ya ji tsoro, kunya kuma ta fi tsoron.

"Baba ne zai yanke hukunci," ta ce.

Da safe ya wanke mota ya tsaya, bai sani ba ko asibiti za shi ko filin jirgi. Can sai ga tsohon ya fito yana dogara sanda.

"Na gane wasa ne," ya ce a hankali. "Ba za a kore ka ba. Amma uwata ta ce su ma suna dariya lokacin da suke ɗaure mahaifina."

Ya wuce ƙofar gaba da Haladu ya buɗe masa, ya shiga baya, inda bai taɓa zama ba.