Kawu Attahiru da Ruhewar da Ya Bari Saura Zagaye Uku

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Laraba, sha ɗaya ga Disamba, 2024, Allah ya karɓi ran Malam Attahiru Magini a gidansa da ke Illo, yana da shekara saba'in da huɗu. Yayan mahaifiyata ne. Ni Sadisu, malamin firamare, a gabansa na girma, shi ya sa duk abin da zan faɗa a nan da idona na gan shi.

Kawu, shekara hamsin kana gina ruhewa, rumbun laka da muke zuba hatsi, daga Lafagu har Dole Kaina, har ƙauyukan ƙetaren iyaka da ba ka daina kira Dahome ba. Ba ka taɓa barin ɗaya a rabi ba sai wannan ta ƙarshe, ta Shafa'atu, matar da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyar a wata tunga bayan Madekali. Ranar da ka cika, saura zagaye uku a rufe bakinta, dawar marayun nan kuwa tana jibge a tsakar gida, gara na ci ta ƙasa, awaki na ja ta gefe.

Wanda bai san aikinka ba zai ce zagaye uku abin yini ɗaya ne. Mu da muka san ka mun san kwana uku ne cur. Ƙa'idarka ɗaya ce: bayan sallar asuba a aza zagaye ɗaya na laka, tsayin taƙi guda, a tafi. In aka aza biyu, na ƙasa bai yi ƙwarin ɗaukar na sama ba, ciki ya bulluƙo. In aka tsallake rana, na ƙasa ya bushe ƙamas, sabo ya ƙi kama shi, nan tsaga za ta fito ko bayan shekara uku ne. Kafin ka aza, sai ka danna babban yatsanka a bakin na jiya, sa'an nan ka ce a miƙo laka.

Abin da ke ba ni tsoro game da kai, Kawu, shi ne ban taɓa jin ranar da ta fi ƙarfinka ba. Ranar ɗaurin auren 'yarka Surayya, manyan gari suna zaune a ƙofar gida da manyan riguna, aka nemi uban amarya aka rasa. Can sai ga ka kan keke, laka har gwiwar hannu, ka wanke, ka zura riga, ka zauna kamar ba abin da ya faru. Wata shekara ƙayar aduwa ta shige maka tafin ƙafa, ƙafar ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga, amma a kan jaki aka riƙa kai ka Lafagu kwana tara a jere. Matan da mazansu suka rasu kuwa, kai kake zuwa ka duba ruhewarsu tun ba su yi magana ba, kuma ba ka taɓa yarda ko ruwan fura su dama maka ba.

Ni kuwa Allah ya yi ni akasinka. Sunan da ka sa mini Malam Sai-an-jima, kuma wallahi ka iya sa suna. Littattafan ɗalibai sukan yi mako uku a kan teburina. Ƙyauren ɗakina ya shekara yana rataye da igiya. Ba wai ban san abin da ya kamata ba ne. Kullum ina da niyya, kullum kuma akwai gobe.

A 2016 tsohuwar ruhewar gidanmu ta fashe da damina. Tun ruwa bai ɗauke ba ka fara aiko mini cewa in tara laka da ƙaiƙayin shinkafa a jiƙa. Na ce sai an jima. Sai da aka yanke dawa, dammuna suka cika tsakar gida, sa'an nan na zo maka a guje, na ce ka taimaka ka riƙa aza biyu ko uku a rana. Ka dube ni sama da ƙasa, ka ce, "Laka ba ta san kai malami na ba. Kwana ashirin da biyu, ko ka nemi wani."

Na yi fushi, na kuwa nemi wani. Wani magini mai zafin nama ya tayar mini da ita cikin kwana shida, na riƙa yawo ina yi maka dariya a majalisa. Muka zuba dawa. Kwana goma sha ɗaya bayan nan, da la'asar sakaliya, ta buɗe ciki ta zauna, abincin gidanmu na shekara ya gauraye da ƙasa. Mahaifiyata ta fito tsakar gida. Ta ɗauki faifai ta durƙusa ta fara tsince hatsi, kuma har gobe in na tuna bayanta a sunkuye kunya ce ke kama ni.

Washegari da asuba na ji sallamarka. Na shirya shan faɗa, sai ka ce kawai, "Tuɓe rigar." Ba ka gina mini ba. Ka zauna a kan turmi, ni na taka laka, ni na mulmula, ni na aza, in na karkata ka nuna da sanda. Ranar farko da na gama zagaye ɗaya jikina na rawa in ƙara, ka hana. Rana ta takwas na tashi da ciwon baya na aika a ce maka sai gobe, ka shigo har bakin gadona ka tsaya a kaina har sai da na miƙe. A kwana ashirin da biyun nan na gane ba aiki ke gagara ta ba. Nakan hango shi dukansa wuri ɗaya ne, in tsorata, in gudu. Tun daga lokacin littafi goma nake dubawa kowace safiya, ko akwai ɗari ko akwai goma sha biyu, kuma ruhewar nan tana tsaye har yau.

Ta Shafa'atu ka fara da ƙarfinka. A zagaye na goma sha huɗu numfashi ya fara yi maka wuya. Ɗanka Haliru ya roƙe ka ka kwanta, ka ƙi, ya riƙa goya ka a babur kuna zuwa tungar kowace safiya. Da hannu ya daina ɗaga laka sai ka aika a kira ni, tun da mun gama jarrabawa a makaranta. Ka zauna a gindin tsamiya lulluɓe da bargo, ina azawa kana kallo. Ranar Talata ka kasa tashi, na hau babur ɗina na tafi ni kaɗai. Ranar Laraba da na dawo, ƙafata duk laka, na same ka an jingina ka da bango.

Ka ce, "Ka aza?"

Na ce, "Na aza, Kawu."

Ka ce, "Saura ukku. Ko mi ya hwaru, kada bakin ya bushe."

Ba a yi awa ɗaya ba ka cika. Aka sallace ka bayan azahar, mutane daga ƙasashe biyu, har filin ya kasa ɗauka.

Zan faɗi gaskiya tun da kai ba ka son kwana-kwana. Ranar Alhamis da asuba ban yi niyyar tafiya ba. Jikina a mace yake, ga baƙi masu ta'aziyya, ga Shafa'atu da kanta ta aiko cewa a bar aikin sai an share makoki. Ba wanda zai zarge ni. Na shimfiɗa tabarma a zaure na zauna, ina ce wa kaina rana ɗaya ba za ta yi komai ba, alhali na fi kowa sanin abin da take yi. Sai Inna Sakinatu, matarka, wadda ta kwana ɗaya cikin takaba, ta yi magana daga bayan labule, murya a dishe: "Sadisu, babur ɗin wa nika gani har yanzu a ƙohwar gida?"

Na tashi. Ina kuka na taka lakar ranar, ina kuka na aza. Juma'a na koma, Asabar na rufe baki. Ranar Lahadi aka ɗora mata hular ciyawa, bayan ta sha iska muka zuba dawar, dami arba'in da ɗaya, 'ya'yan Shafa'atu suna miƙowa. Marayun nan za su ci tuwo har kaka mai zuwa, in Allah ya so.

Sai da na sauko daga tsani wani abu ya dake ni. Ka raba ni da jinkiri a kan komai, amma abu ɗaya na ci gaba da ɗagawa shekara takwas. Ban taɓa zama gabanka na ce na gode ba, ban kuma nemi gafarar dariyar da na yi maka a majalisa ba. Kullum ina jiran ranar da ta dace. Ko ranar Laraba ina tsaye a gabanka maganar tana bakina, na ce bari in wanke ƙafa tukuna.

Na gode, Kawu. Ka yafe mini.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Attahiru, ka yafe kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka sa kowace ƙwayar hatsi da ta tsira a ginin hannunsa ta zama nauyi a mizaninsa, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Sakinatu, da Haliru da Surayya da 'yan'uwansu, da mahaifiyata da ta rasa yayanta, da mutanen Illo da na ƙetare baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya sa mu cika da imani in tamu ta zo. Amin.