Rigar saƙi ta yage a kan ninkinta

Mu biyar ne ranar a tsakar gidan babban ɗana da ke unguwar Gesse: ni, da shi, da matarsa, da ƙanwata da ta taso daga Argungu, sai wani taubashina, tsohon maɗinkin hannu a unguwar Nasarawa, wanda ido ya fara guje masa. Na kira shi ne don ya shaida na miƙa amana yadda aka ba ni.

Amanar babbar riga ce ta saƙi, mai aska takwas da zaren tsamiya. Ta surukina ce, ta dawo hannun maigidana. Ranar da uwar mijina ta damƙa mini makullin adaka a Argungu ta faɗa mini dokokinta. Ba a wanke ta, ba a shanya ta a rana. In an fara yankan shinkafa a fitar da ita ta sha iska a inuwa, a sake mata sabuwar jema, ciyawar nan mai ƙamshi, saboda asu. Kuma yadda na same ta a ninke, haka zan mayar.

Ban saɓa ko ɗaya ba. Na ma ƙara nawa: in na ninke sai na bi layin da tafin hannu na danne, har ya fito tsaf. Maigida yana sa ta kowace Sallah, ya dawo idi ya cire kafin ya ci abinci, don ina tsaye a kansa.

Da ya yi ciwon ajali ya ce rigar ta babban ɗansa ce. Sau biyu ɗan nan ya nema, na hana. Na ga yadda yake fesa turare a jikin kaya, na ga matarsa da ruwan wankin nan mai cin launi. Na ce sai ya natsu. Shekara goma sha ɗaya rigar ba ta taɓa kafaɗar mutum ba. Sai da aka haifa masa jika na fari, furfura ta fito masa, na ce ya sa ta ranar suna.

Aka shimfiɗa tabarma. Na sa kowa ya wanke hannu, har taubashin.

"Ke dai ba ki canza ba," in ji shi. "Ko liman ya zo sai kin duba ƙumbarsa."

"Kai ne dai ban yarda da kai ba. Matsa can."

Na buɗe adaka, ƙamshin jema ya tashi. Babu asu, babu gara, shunin na nan da ƙyallinsa. Ɗana ya kama kafaɗa ɗaya, ƙanwata ta kama ɗaya, suka ɗaga. Sai muka ji wata 'yar ƙara, kamar an yaga busasshen ganyen albasa. Rigar ta rabe daga ƙirji har ƙasa, a miƙe, daidai kan layin da nake dannewa. Yagar ta ratsa tsakiyar askar.

"Inna, wallahi ban ja ba," in ji ɗana.

"Na gani."

Taubashina ya durƙusa yana shafa bakin yagar da yatsa, don hannunsa ya fi idonsa gani. Ya bi ɗaya layin, zaren ya marmashe masa.

"Tun yaushe ba a sa ta ba?"

Ƙanwata ce ta ba shi amsa. "Tun rasuwa. Yaya ta hana kowa."

"To, shi ke nan. Da ana sa ta, zaren shina miƙewa, ninkin ya huta. Wagga ta shekara goma sha ɗaya wuri guda tana karyewa. Kuma wani ya riƙa danne ta."

Ba wanda ya dube ni.

Na ce, "Uwar mijina ta ce a mayar yadda aka samu."

"A zamaninta akwai mai sa ta," in ji taubashin.

Na tambaye shi ko za ta gyaru. Ya ce in ya soka allura nan, can zai buɗe. Ya ce matar da ke kaɗa masa zaren tsamiya ta rasu da daɗewa, 'ya'yanta ba wanda ya koya, yaran da ya koya wa ɗinki duk sun koma keken ɗinki. Ko ya samu zaren, da wane ido?

Matar ɗana ta yi magana a hankali. "Inna, ko a yanke wurin aikin a sa cikin gilashi, a rataya a falo?"

Na buɗe baki zan yi mata faɗa, sai na rasa da wace fuskar. Shekara nawa ina tsare rigar daga hannunta. Na ce a bari tukuna.

Ɗana ya ce ba komai, yana da shadda sabuwa. Ya faɗa da sauri, irin na mai son a rufe zance. Amma na ga ya ɗauki hannun rigar ya kai hanci, ya daɗe bai sauke ba. Ubansa ya bar masa abu ɗaya, ni na riƙe har ya lalace.

Taubashina ya ce kar a ƙara ninke ta. Muka samo gwangwala, muka lulluɓe da farin ƙyalle, muka naɗe rigar a kai. Ba ta shiga adaka haka, sai aka ɗora ta bisa kabad. Da zai tafi bai tsokane ni ba, ya ce kawai, "Allah ya ba da haƙuri."

Washegari bayan sallar asuba na buɗe adakar. A ƙasa akwai zanen saƙi na mahaifiyata, shi ma da irin dannawata. Na ware shi a hasken ƙofa, na ga layukan sun yi fari. Na ɗaura shi, na ɗauki tsintsiya. Da na sunkuya na ji zaren ya saki kaɗan ta gefen kwankwaso. Na gyara ɗaurin, na share tsakar gidan har bakin ƙofa.