Lambatun da Na Haƙa Ranar Lahadi

Edita, a ganina tarihin 'yan Adam bai wuce tarihin abin da suka yi da ƙazantarsu ba. Daulolin da muka karantar da yara a aji duk an rubuta yaƙe-yaƙensu da sunayen dawakinsu, amma ba wanda ya rubuta inda suke zubar da ruwan wanke-wanke, alhali can ake gane hankalin mutum. Ina faɗin haka da cikakken iko, domin na taɓa yunƙurin ɗaukaka sabuwar ƙasa da buntun shinkafa.

A shekarun da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga tamu, ni malamin makaranta ne a Birnin Kebbi, matashi mai keke da farin takalmi da alƙalami uku a aljihu, biyu daga ciki ba su rubutu. Na ƙi jinin jahilci, kuma jahili a wurina shi ne duk wanda bai karanta littafin da na karanta a makon ba. A cikin tarkacen da wani Bature ya bari a sito na tsinci littafin da ya kai ni ya baro. Ya ce idan aka cusa buntu ko gawayi a cikin duro aka rufe, aka bar wa wutar 'yar iska kaɗan, ba za ta yi harshe ba, sai ta fitar da wani hayaƙi mai cin wuta. In aka bi da hayaƙin ta cikin ruwa ya wanku, zai tuƙa inji kamar yadda mai ke yi. Na tuna tsibin buntu da ke ruɓewa a Zauro, na lissafa a raina cewa Allah ya ajiye mana rijiyar mai a bayan kowane turmi, ni kaɗai aka jira.

Sai dai ni ko ƙusa ban iya bugawa ba. Wanda ya iya shi ne wani makanike Kirista daga ƙasar duwatsu ta wajen Jos, wanda ya daɗe a unguwar Nasarawa da matarsa da 'ya'yansa, yana gyaran manyan motoci da famfunan ban ruwa. Kowa na kai masa aiki. Hausarsa ba ta da laifi, amma ni sai na gyara masa ita a gaban mutane, shi kuma ya ce Malam ya yi gaskiya, ya ci gaba da ɗaure noti. Shi ya tafi Argungu ya ɗauko wani tsohon inji, shi ya huda durorin, shi ya lanƙwasa bututun, ni kuwa na tsaya da littafi ina nuna masa hoto. Muka kafa rumfa a kan tudu, bakin fadamar Zauro. Ranar da injin ya tashi na kira shi Injiniya a bainar jama'a, sunan da na janye daga baya ba tare da sanarwa ba.

Abin ya yi aiki, kada wani ya ce bai yi ba. Injin yana casar shinkafa da buntun da shi kansa ya fitar. Matan da ke gumi, wato turara shinkafa kafin a casa ta, suna ɗora tukwanensu a kan wutar da muka ja musu da bututu, ba su sayen icce. Har ƙwan lantarki muka kunna, da tsakar rana don jama'a su taru su gani, shi ya sa ba wanda ya ga komai. Matsala ɗaya ce: ruwan da ake wanke hayaƙin. Yakan koma baƙi wuluk, da kwalta a kansa, da warin da ke shiga riga ya ƙi fita. Makanike ya haƙa masa rami a kan tudun, ya yaɓe da yumɓu, ya ce a bar shi ya bushe a ƙone. Ya nuna mini ciyawar da ruwan ya ɗiga a kanta ta mutu, ya ce abin da ya yi wa ciyawa haka ba zai ƙyale kifi ba. Na buɗe masa shafi na karanta da Turanci, na fassara masa a hankali kamar ɗan aji ɗaya, cewa a zuba ruwan a magudana. Ya ce wanda ya rubuta littafin magudanarsa ba ta ƙarewa a gurbi.

Ga wanda ba ɗan wajenmu ba, gurbi shi ne wurin da ruwa ke taruwa da zurfi in ambaliya ta janye, kifi ya maƙale a ciki. Sarkin Ruwa yakan hana taɓa shi watanni, ko ƙugiya ba a jefawa, sai ranar da ya buɗe a yi su, wato kamun kifi, gaba ɗaya. Gidaje da yawa kifin wannan rana suke bandawa su ci har damina. Na san duk wannan tun ina yaro. Kawai ba a rubuce yake ba, don haka ban ɗauke shi ilimi ba.

Sai aka aiko cewa wani babban jami'in gona zai zo daga Sakkwato ya ga injin. Na dubi ramin nan mai wari a daidai inda za a ajiye masa kujera. Na jira ranar Lahadi, don na san makanike yana coci, na ɗauki 'yan ci-rani biyu, muka yanka lambatu daga ramin ya gangara bayan rumfa zuwa fadama, muka rufe shi da zana muka watsa buntu a kai. Da Litinin bai ko ajiye akwatin kayan aikinsa ba ya gane, don ramin ya ƙafe. Ya roƙe ni in toshe. Na ce sai baƙo ya zo ya tafi. Ya ce to a kashe injin kafin nan. Na tuna masa cewa ni ke da fasaha, shi ɗan aiki ne, kuma ba a kawo shi garinmu don ya koya mana ruwanmu ba. Baƙon ya ɗaga zuwansa sau biyu. Da ya zo, bai kai tsawon shan kofin shayi ba, ya ce madalla, ya toshe hanci da hankici duk da haka, ya shiga mota.

Ana saura 'yan kwanaki a buɗe gurbin, masunta sun riga sun fara isowa daga Argungu da gorunansu da homa, ragar kamun kifi, aka wayi gari kifi na yawo ciki sama. Tarwaɗa ma, da ba ta mutuwa da daɗi, ta mutu. Aka bi warin har gindin zanata.

Da la'asar aka tara mu gaban hakimi. Ban taɓa ganin fuskoki irin na ranar ba. Sarkin Ruwa, tsohon da ba ya ɗaga murya, ya ce tun kakanninsa ba a taɓa buɗe gurbi a tarar da mushe ba, yana so a nuna masa hannun da ya yi haƙar. 'Yan ci-ranin sun daɗe da wucewa. Jama'a kuwa sun riga sun zaɓi hannun da suke so, na makanike. Wani ya ce baƙo ina ya san dokar ruwa. Wani ya ce da ma irinsu ba su da tsarki, me zai hana. Wani da makanike ya gyara wa famfo kyauta a bara ya ce shi tun farko bai yarda da idonsa ba. Makanike ya bari suka gama, ya ce shi ba zai kira sunan kowa ba, amma Malam ya san ranar da aka yi haƙar, kuma duk garin nan an san inda shi yake a irin wannan rana. Aka juyo gare ni. Na miƙe, na gyara alƙalamaina, na yi jawabi a kan kimiyya da ci gaban ƙasashe har wasu suka fara gyangyaɗi, na rufe da cewa ni malamin aji ne, duk abin da ya shafi ƙarfe da ruwa na bar wa gwani. Ku duba jimlar da kyau, babu kalmar ƙarya ko ɗaya a cikinta. Na yi alfahari da hakan har kusan mako guda.

Ba a ɗaure shi ba, ba a doke shi ba. Abin da aka yi masa ya fi haka tsafta. Aka daina kai masa gyara. Matarsa ta shiga kasuwa, masu kifi suka juya mata baya, masu albasa suka bi sahu. Maƙwabtan da suke aika masa naman layya suka daina amsa gaisuwarsa. Aka fasa injin da tabarya da gatari, kuma a cikin masu fasawar har da mazan matan da suka yi gumi da wutarsa. Kafin saukar ruwan farko, makanike ya ɗaure kayansa. Ya biyo ta zaurena ya dawo mini da littafin da na bari a rumfa, ya ƙi zama. Ya ce zai faɗi magana ɗaya, in akwai kuskure a Hausar in gyara masa kamar kullum: Allah yana gani ranar Lahadi ma. Na duba, ban sami abin gyarawa ba.

Yanzu na ji ana ta maganar samar da lantarki da buntu, samari na zuwa da takardu suna bayani kamar su suka fara. Ban ƙi ba, abin gaskiya ne, na gani da idona. Amma ku tambaye su inda baƙin ruwan zai tafi, kuma ku tambayi wanda hannunsa ke cikin aikin, ba mai riƙe da littafi ba. Ku ji tsoron mai ilimin da ya iya shirya jimla ta yadda laifi zai zame ya faɗa kan wanda ba shi da dangi a gari. Ku kuma masu taruwa gaban hakimi, ba ku fi ni ba, kun dai fi ni yawa. Na koyar da yara gaskiya da riƙon amana har na yi ritaya, kuma ana cewa na iya koyarwa.

Lambatun yana nan har yau, ruwan sama ya faɗaɗa shi. Mutanen Zauro suna kiransa lambatun makanike. Ni ma haka nake kiransa.